Inda aiki ya kai a kan Beetle ɗin 1969: ƙin tashi da farautar kayan gyara

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Motar yanzu tana tashi da murɗa makulli sau ɗaya, ko da sassafe ko bayan inji ya ɗauki zafi. Ba a gama ba tukuna, amma wannan ɓangaren ya kammalu, kuma na san akwai masu fama da irinsa a cikinku, shi ya sa zan bi muku shi daki-daki.

Kafin in taɓa sifana, sai da na tabbatar wace mota ce a gabana. Lambar shasi tana ƙarƙashin kujerar baya, kuma tawa ta fara da 119: sha ɗayan na nufin Beetle, taran kuma samfurin 1969. Lambar inji tana jikin injin, ƙarƙashin ƙafar da ke ɗauke da janareto, ta fara da AD. Wannan injin 1600 ne da Volkswagen ba ta fara sawa ba sai a samfurin 1971. Sannan wani ya cire janareton asali ya sa altaneta. Ke nan gangar jiki daban, inji daban, na'urar caji daban. Motar da ta haura shekara hamsin ta bi hannaye da yawa, kowa ya sa mata abin da ya samu. Wanda ya je neman kaya da shekarar da ke takarda kawai, zai dawo da abin da ba zai shiga ba.

Ciwon farko shi ne na kiki. Da sanyi yana juya inji da ƙyar, in mota ta yi zafi kuma sai ka ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Shawarar da aka fi ba ni ita ce in sayi sabon batir ko sabon kiki. Na ƙi, na ɗauko mitar auna wuta. Batir yana hutawa ya ba da bolt 12.6, lokacin da ake murɗa makulli kuma bai sauka ƙasa da 10 ba. Batir lafiyarsa ƙalau. Sai na shiga ƙarƙashin mota, bayan na tabbatar tana furi kuma na tokare tayoyi, na ɗora mitar a kan ƙaramar wayar da ke zuwa solonoyid (makunnin da ke jikin kiki yana haɗa masa wuta), wadda a zanen wayarin Jamusawa ake wa lamba 50. Abin da ke isowa can bai fi bolt 9 ba.

Dalilin yana cikin ƙirar motar. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya, kiki yana kusa da shi, amma wutar da ke ba shi umarni sai ta tafi gaba wurin makulli sannan ta dawo baya. A wannan doguwar tafiya, kowace mahaɗa mai tsatsa tana cin rabonta, shi ma makullin da ya tsufa yana ci. In solonoyid ya ɗauki zafi kuma, ƙarin wuta yake nema kafin ya ja. Na goge duk mahaɗan har suka yi ƙyalli, sannan na sa rile, wato ƙaramin makunnin da wuta kaɗan ke tayarwa, kusa da batir, tare da fiyus. Yanzu makulli rile kawai yake tayarwa, rilen ne ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir zuwa lamba 50. Akwai masu ganin rile rufa-rufa ce. Ni ina ganin in an riga an gyara mahaɗan, rile rahama ce ga tsohon makulli, domin ya huta da ɗaukar wuta mai nauyi.

"Ƙas" ɗin ta tafi, amma juyin bai yi ƙarfi yadda nake so ba. Nan na koma kan at, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin mota ta koma batir. Akwai wata saƙaƙƙiyar waya mai faɗi da ta haɗa giyabos da shasi, ta nan wutar kiki ke komawa batir. Ku duba taku yau. Tawa ta yi kore, rabin zarenta ya tsinke. Gwajin ba shi da wuya: ƙafar mita ɗaya a kan at ɗin batir, ɗaya a jikin kiki, wani ya murɗa makulli. In mita ta nuna fiye da kusan bolt 0.3, wuta na zubewa a hanya. Wannan gwajin ya fi auna waya mota tana kashe, domin waya mai zare uku kacal za ta nuna maka lafiya lau har sai ka nemi ta ɗauki kaya.

Abu na uku shi ne bushin. A yawancin motoci kiki yana riƙe da sandarsa da kansa, amma a Beetle bakin sandar yana shiga wani ɗan bushin tagulla ne da ke cikin jikin giyabos. In ya cinye, sanda ta karkace, kiki ya riƙa gogar cikinsa yana shan wuta a banza. Na zaro shi da tef, ƙarfen nan da ake yanka zaren noti da shi, na jiƙa sabon a mai kafin in buga shi. A lura, ɗaya daga ƙusoshin kiki shi ne kuma ke riƙe inji ta sama, notinsa na 17 yana can bayan gidan fanka, sai da laluben hannu.

A nan ne farautar kaya ta fara nuna halinta. Bushin motocin bolt 6 daban yake da na bolt 12. Fulawil ma haka, wato faifan ƙarfe mai haƙora da kiki ke kamawa ya juya inji: na bolt 6 haƙora 109 gare shi, na bolt 12 kuma 130, kuma kikin ɗaya ba ya cin haƙoran ɗayan. Volkswagen ta fara komawa bolt 12 ne a samfurin 1967, amma an ci gaba da yin wasu ƙananan samfura da bolt 6 bayan nan, ga kuma masu musanya giyabos. Don haka ku auna ramin, kada ku dogara da shekara. Wanda bushin ya gallabe shi, akwai kikin da aka yi wa samfurin mai giya rabin otomatik, shi yana riƙe da sandarsa, ba ya buƙatar bushin ko kaɗan, kuma yana shiga fulawil mai haƙora 130.

To, inji ya koma juyawa da kuzari, amma kamawa sai ya ga dama. Ruwa ba ya tsami banza, sai na bi wuta da mai ɗaya bayan ɗaya.

Wuta ba ta ba ni wahala sosai ba. Lamba 15 a kwayil tana samun bolt 12 in an kunna makulli. Kwantak, ɗan ƙarfen da ke katse wutar kwayil don a samu tartsatsi, ya ƙone ya yi tsini a gefe guda, na canza shi, na ba shi tazarar milimita 0.4, fulogi kuma 0.6. Jerin wutar Beetle 1-4-3-2 ne, na bi wayoyin na tabbatar. Bawul na daidaita su a milimita 0.15 inji yana sanyi, kuma ina roƙonku ku riƙa yin wannan kafin ku taɓa taimin ko kafireto, saboda bawul ɗin da ya matse yana zubar da matsi, ya sa ka yi ta zargin abin da ba shi da laifi. Kada kuma ku bar makulli a kunne inji ba ya aiki, kwayil da kwantak ne ke dahuwa. Kwandansa kuwa, 'yar na'urar da ke rage wa kwantak ƙonewa, tsohuwar Bosch da na tarar na bari a wurinta, sabuwar na ajiye a aljihun mota. Sababbin da ba su da suna ba su cika daɗewa ba, ban ga dalilin cire mai aiki ba.

Mai ne ya tsayar da ni. Na cire tiyo daga kafireto na sa bakinsa a kwalba, na zare wayar kwayil don kada tartsatsi ya tashi, aka juya inji: ɗigo-ɗigo kawai. Na kwance famfon mai, na zaro sandar da ke tura shi, na auna, milimita 100. Famfon da ke kai kuwa irin na motoci masu janareto ne, wanda sandarsa 108 ce. Lokacin da aka koma altaneta, da yake ta fi ƙiba, sai aka yi famfo mai ɗan karkata da gajeriyar sanda. Wani a baya ya haɗa famfon wancan da sandar wannan. Gajeriyar sanda a famfon doguwa ba ta tura mai yadda ya kamata, doguwa a famfon gajeriya kuma tana iya karya shi. Bambancin milimita 8 kacal. Na sayi famfon altaneta, na bar sandar da na tarar, mai ya zo da ƙarfi. Tiyoyin mai duka na canza, domin sun bushe sun tsattsage, ga su a saman inji mai zafi kusa da wayoyin fulogi. Wannan ba abin jira ba ne.

Game da neman kaya, Beetle tana cikin masu sa'a. An ƙera fiye da miliyan 21, ba a daina ba sai a watan Yulin 2003 a Puebla ta Meziko, an kuma yi ta a Brazil shekaru masu yawa. Kaya suna nan, matsalar ita ce gane naka, da kuma bambance mai kyau da jabu. Lambar kayan Volkswagen lambobi tara ce kashi uku: ukun farko irin motar, kamar 111 ko 113, ukun tsakiya rukunin kayan, inda 1 a farko ke nufin inji, 9 kuma wuta, ukun ƙarshe kayan kansa. Harafin da ke biye yana nuna an sake fasalinsa, kuma sau da yawa a wannan harafin ake yin ɓatan kai. Ina goge tsohon kaya in karanta lambarsa, in ɗauki hotonsa kusa da ma'auni, in tura wa mai sayarwa kafin a yi maganar kuɗi. In ana iya zuwa da shi a hannu, ya fi. Kuma ba na jefar da tsohon kayan asali. Kiki ko famfo na asali da aka sake gyarawa, a ganina, ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba.

Abin da ya rage shi ne distiribita, mai raba wuta zuwa fulogi. Wadda ke kai Bosch 009 ce, marar tiyon iska, ga shi kafireton Solex 34 PICT-3 ne, wanda aka yi don ya yi aiki da mai tiyon iska. Shi ya sa in na taka totur daga tsaye take ɗan shaƙewa kafin ta ɗauka. Ina neman ta asali da ta dace da injin AD, ko da ta hannu ce, muddin sandarta ba ta rawa kuma robar iskarta ba ta huje ba. Wanda ya taɓa kwance irinta ya gyara a cikinku, ina son jin yadda ya gwada robar kafin ya biya.