Allurar ƙwayoyin tsoka ga matan da fitsari ke kufce wa: yadda muke yin aikin da inda yake ɓaci

Ba yoyon fitsari nake nufi ba, wanda doguwar naƙuda ke huda mafitsara har sai an kai mace asibiti irin na Babbar Ruga ta Katsina an ɗinke. Wannan daban ne. Mafitsara lafiya lau take, amma da mace ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa, sai fitsari ya kufce mata. Bututun fitsarin mace gajere ne, santimita 3 zuwa 4, kuma a tsakiyarsa akwai wata tsoka da ta kewaye shi tana matse shi. Haihuwa da shekaru suna raunana tsokar nan. Abin da muke yi a tawagar gwajin da na yi aiki da ita shi ne mu ɗebo tsoka daga jikin matar kanta, a raini ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi tsokar su yawaita, mu mayar da su cikin tsokar da ta yi rauni.

Rabin aikin yana wajen zaɓen wadda za a yi wa. Ba ma karɓar mace sai ta yi aƙalla wata 3 tana atisayen matse tsokar ƙasan mara yadda ya kamata, matsa 8 sau 3 a yini, domin da yawa a nan suke samun sauƙi ba tare da ko allura ɗaya ba. Sai ta rubuta mana kwana 3: me ta sha, sau nawa ta yi fitsari, sau nawa ya kufce, tana me ya kufce. Mukan auna nauyin audugar da ta sa na awa 24, kafin da bayan, kowane giram ɗaya da ya ƙaru mililita ɗaya ne na fitsari. Sannan a cika mafitsara da ruwa kamar mililita 300, na ce mata, "Hajiya, ki yi min tari da ƙarfi." In fitsari ya fito tare da tarin ya tsaya tare da shi, matsalarmu ce. In kuwa sai da ta gama tarin sannan ya ɓalle ya ƙi tsayawa, to mafitsara ce ke matsewa da kanta, kuma ko miliyan nawa na ƙwayoyi aka zuba mata ba za su taɓa wannan ba. Mai ciwon sanyin mafitsara, da wadda mahaifarta ta sauko sosai, da wadda fitsari ke saura da yawa a mafitsararta bayan ta gama, duk sai an fara da nasu maganin.

Tsokar muna ɗebo ta ne daga gefen cinya ta waje, da allura mai yanka, ɗan guntun da bai wuce miligiram 50 zuwa 250 ba. Maganin kashe zafi a fata da tantanin da ya rufe tsoka kawai ake sa shi. Da ya shiga cikin tsokar kanta, yana lalata ƙwayoyin da muka zo nema. Ina duba guntun da idona kafin a rufe kwalba: ja nake so in gani. In fari ko ruwan ɗorawa ya yi yawa, kitse ne da tantani, kuma a ɗakin raino ƙwayoyin da ke yin tabo za su fi na tsoka saurin yaɗuwa su mamaye faranti. Ana tura shi cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Mace kuma ta danne wurin sosai, in ba haka ba gobe ta tashi da cinya a kumbure jini ya taru.

Rainon yana cin makonni. Kafin a sako mana ƙwayoyin a daskare, ana ƙirga masu rai, a tabbatar babu ƙwayar cuta, a duba alamomin da ke nuna ƙwayar tsoka ce, irin su CD56.

Ranar allura ba a narkar da su sai mace ta kwanta an gama shirya ta, saboda da sun narke sun fara mutuwa. Ana sirka su da ruwan gishirin asibiti su kai kamar mililita 4, a raba su wurare da dama, kusan rabin mililita kowane wuri. Ƙwayoyin suna kwantawa a ƙasan sirinji cikin 'yan mintoci, don haka ina jujjuya shi a hankali kafin kowane soki, ban da girgizawa. Wanda bai kula da wannan ba, wuri ɗaya zai sha ƙwayoyin duka, sauran su sha ruwa. Tsokar da ke matse bututun ta fi kauri ta gaba da gefuna biyu, ta baya wajen farji siririya ce, shi ya sa muke karkata ga gefuna. Zurfi ne ya fi ba da wahala. In na ga a kyamarar da muke leƙa ciki da ita fatar cikin bututu ta taso kamar bororo, allura ba ta kai tsoka ba, ƙwayoyin sun zauna inda ba za su haɗu da komai ba. In ta wuce kuma, an zuba su a waje. A tura a hankali, a dakata 'yan daƙiƙu kafin a zare, in ba haka ba ruwan yakan biyo ramin allurar ya dawo. Ba ta tafiya gida sai ta yi fitsari mun auna abin da ya rage. Zafin fitsari da ɗan jini na kwana biyu zuwa uku ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi kuwa, ta dawo nan take.

Abin da nake nanata wa kowace mace shi ne kada ta yi murna da makon farko. Ruwan da aka zuba da kumburin allura suna toshe bututun na ɗan lokaci, ta bushe, sannan ɗigar ta dawo. Ba ma yanke hukunci sai a wata na 6 da na 12, da rubutun kwana 3 da awon auduga iri ɗaya da na farko. Kuma kada a yi awon cikin azumi, domin wadda ba ta sha ruwa ba tun asuba dole audugarta ta yi sauƙi.

Wannan awon ne ya hana ni ɗokin hanyar, duk da ina son ta yi nasara. A 2007 mujallar Lancet ta buga aikin wasu likitoci na Innsbruck a Ostiriya, inda mata 38 cikin 42 suka bushe. A 2008 mujallar ta janye shi, bayan hukumomin ƙasar sun gano manyan kurakurai a yadda aka gudanar da gwajin. Ƙananan gwaje-gwajen Kanada da Amurka, da suka kai har ƙwayoyi miliyan 200, sun nuna allurar ba ta da haɗari sosai kuma waɗanda aka fi zuba wa ƙwayoyi sun fi samun sauƙi. Amma da aka yi babban gwaji mai ƙwayoyi miliyan 150, wanda aka buga a 2018, an tsayar da ɗaukar mata a kan 143, saboda waɗanda aka yi wa allurar da babu ƙwayoyi a ciki su ma da yawa sun samu sauƙi. Ban yi mamaki ba. Mace da ta fara rubuta fitsarinta takan rage shan shayi, ta riƙa zuwa banɗaki da wuri, ta riƙa matse jikinta kafin tari. An dai ga alamar cewa matan da aka taɓa yi wa tiyatar kufcewar fitsari ba ta yi ba sun fi amfana, kuma a kansu bincike ya karkata.

Saboda haka wadda atisaye bai ishe ta ba, har yanzu abin da nake nuna mata shi ne tiyatar ɗaure bututu da majanyi, ko allurar cika bangon bututu irin Bulkamid. Ƙwayoyin tsoka a cikin gwaji mai izini kaɗai, kuma ba a biyan kuɗi don shiga gwaji. Garin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan ƙwayoyin halitta, a sha a ruwa, ba shi da alaƙa da wannan aikin ko kaɗan.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne matan da aka ɗinke wa yoyon fitsari, ramin ya rufe, amma fitsari bai daina kufcewa ba. Bututunsu sau da yawa ya gajarce, tabo ya maye gurbin tsoka, jini ba ya isa wurin sosai, alhali ƙwayar da aka dasa tana buƙatar jini da jijiya da ragowar tsokar da za ta manne wa. Gwaje-gwajen da na ambata ba a kan irinsu aka yi su ba, don haka su koma wurin likitan da ya yi musu ɗinkin ya sake duba tsawon bututun da girman mafitsarar.