Kurar daji ta fi ta tatsuniya wayo

A tatsuniya Kura ba ta da mutunci ko kaɗan: ga kwaɗayi, ga tsoro, ga wauta, kullum Gizo na yi mata wayo tana shan kashi. Ni kam ina ganin an zalunce ta. Kura mai dabbare-dabbaren nan, ba sayaki ba, tana cikin dabbobin da suka fi sanin wane ne wane a cikin jama'arsu, kuma halittar jikinta ce ta ɗora ta a kan wannan hanya.

Daga muƙamuƙi abin ya faro. Kura na farfasa ƙashin da zaki ya bari, ta taune ta haɗiye, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat kamar alli. To amma ƙoƙon kan da zai iya wannan aiki ba ya gama ƙosawa sai ta kusa shekara 3, alhali tun tana da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi uwa ta yaye ta. A wannan tsakani ɗan kura yana tsaye a bakin nama da baki marar ƙarfi, cikin manyan da kan cinye jakin dawa sukutum kafin rabin awa. In ba wanda ya buɗa masa wuri, da yunwa zai kwana. Kay Holekamp ta Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, wadda ke bin kuraye a Masai Mara ta Kenya tun 1988, tana ganin a nan zafin matan kuraye ya samo asali: uwar da ta iya korar kowa daga kan nama, 'ya'yanta ne suka rayu suka hayayyafa. Ga wahalar haihuwa kuma. Al'aurar macen doguwa ce, ta yi kama da ta namiji, har mutanen dā suka ɗauka kura mata-maza ce. Ta wannan ƙunƙuntar hanya take haifar ɗa mai nauyin fiye da kilo 1, ido a buɗe, haƙora a fito, kuma 'ya'yan fari da yawa a nan suke mutuwa. Wadda ta sha wannan ba za ta bar ɗanta a hannun sa'a ba.

Garke ɗaya kan kai kuraye 80, wani ma ya wuce, kuma kowacce da matsayinta. Gādo ake yi ta wajen uwa. 'Yan ƙanana a bakin rami ba su san babba ba, kowa suke tsokana. Uwa tana gefe tana kallo. In ɗanta ya taɓa wadda take ƙasa da ita, sai ta taso ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, su kora ta tare. In ya taɓa wadda ta fi ta, babu mai taya shi. A haka yake haddace jerin kaf. Auta ma yakan hau kan yayyensa, don shi uwa ke mara wa baya.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na masana daga Berlin a kwarin Ngorongoro na Tanzaniya, wanda ya fito a 2019. Sun duba arangama fiye da 4,000 tsakanin kuraye biyu-biyu, cikin shekara 21. Girman jiki bai nuna wanda zai yi nasara ba, zama mace ko namiji ma haka. Wanda ya fi yawan 'yan goyon baya shi ke rinjaye, ko da a lokacin babu ko ɗaya daga cikinsu a wurin. Ke nan kowace kura na yawo da lissafi a kanta: wannan 'yar wace ce, su wa za su taso in na taɓa ta. Wannan lissafi sai da ƙwaƙwalwa, kuma da aka ɗauki hoton ƙoƙon kan jinsunan kura guda 4, mai dabbare-dabbaren ce ta fi girman gaban ƙwaƙwalwa. Sayaki, da ya fi yawo shi kaɗai, yana bayanta. Har ƙidaya take yi: a Masai Mara an kunna musu kukan baƙin kuraye ta lasifika, murya ɗaya, biyu, uku, sai aka ga suna ƙara shiga taitayinsu gwargwadon yawan muryoyin, kuma sun fi tunkarar wurin in sun ga sun fi baƙin yawa.

Mu kuwa wadda muka saba gani ita ce ta gardawa ranar kasuwa, an sa mata takunkumi, ga sarƙa a wuya, ana kiɗa yara na ihu, ita kaɗai ba uwa ba dangi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Dabbar da duk basirarta ta zaman jama'a ce, an raba ta da jama'ar, dole ta yi kama da doluwa.

Namiji ne abin tausayi. In ya balaga yakan bar garken da aka haife shi ya koma wani, can kuma ba shi da kowa, sai ya faɗa ƙarshen layi, ƙasa da ɗan da aka haifa jiya. Ba ya hawa da faɗa, sai dai ya jira na gabansa su mutu ko su tafi. Tilasta wa mace kuwa ba ta taso ba, yanayin jikinta ya hana, sai ta yarda. Don haka yakan shafe watanni yana bin ta a baya yana sunkuyar da kai. Ita kuma a Ngorongoro an ga ta fi zaɓen namijin da ya shigo garken, ko aka haifa a cikinsa, bayan haihuwarta, kuma da wannan ƙa'ida kaɗai take kauce wa ubanta ba tare da ta san ko wane ne shi ba.