Abin da fitila ke yi wa ƙananan ganye

Ganyen da ake yanka yana ɗan kwana 7 zuwa 21 da tsirowa ba shi da lokacin farfaɗowa. Duk abin da haske ya yi masa a ɗan tsakanin nan, shi mai ci zai samu. Wannan ne ya fi zauna mini a rai a aikin renon irin waɗannan ganyaye cikin ɗaki, ƙarƙashin fitilun LED.

Ido ba alƙali ba ne a nan. Idonmu ya fi kama koren haske, shi kuwa ganye ya fi shan ja, wajen nanomita 660 (nanomita ma'auni ne da ake bambance launukan haske da shi), da shuɗi, wajen 450. Sai fitila ta haske ɗaki tarwai, tsiro kuma yana kwana da yunwa.

Tsawo ma yana ruɗi. In haske ya yi ƙaranci, ko wani jan haske da ido da ƙyar yake gani, na wajen nanomita 730, ya rinjayi sauran, tsiro sai ya ɗauka wani ne ya yi masa inuwa, ya zabura sama. Kara ya yi siriri, fari-fari, kafin ka ankara ya kwanta. Faranti ya cika ido, amma ruwa ne ya fi yawa. Da an ƙara shuɗin haske kuwa, tsiron ya kan gajarce, ganye ya yi kauri, jan kabeji ya rine da sinadarin antosayanin mai kare ƙwayoyin jiki. Wani lokaci sikeli yana raguwa, kuma na fahimci dalilin da ya sa mai sayarwa ke jin zafin hakan.

Abin da ya fi damuna shi ne naitiret, wani sinadari da tsiro ke samu daga ƙasa ko taki. Saiwa tana jawo shi, amma sai da isasshen haske tsiro ke sarrafa shi ya zama furotin. In babu, ya taru a ganye, kuma ba a gane shi da kallo.

A 2012 masana a Jami'ar Maryland da Ma'aikatar Noma ta Amurka sun auna iri 25, suka ga wasu sun ninka manyan ganyensu sau 4 zuwa 40 a wasu bitamin. Ana yawan maimaita wannan adadi kamar kowane faranti haka yake, alhali yadda aka rene shi na iya sauya abin da ke cikinsa.

Haske in ya yi yawa shi ma yana ƙona ganye, shi ya sa masu reno da yawa ke tsayawa a awa 12 zuwa 16 a yini. Kuma hasken da ya karɓi kabeji ba lalle ya karɓi latas ba, kowane iri sai an gwada shi daban.