Neman sawun zaki a Yankari

Yau tun bayan sallar asuba muka bar sansanin Wikki tare da masu gadin daji, muka gangara kwarin kogin Gaji domin duba kyamarorin da muka ɗaure a jikin itatuwa, waɗanda ke ɗaukar hoto da kansu da zarar dabba ta gifta. Aikin ya fi armashi da rani, domin ruwa ya ƙafe a yawancin sassan dajin, kuma dole namun daji su zo Gaji su sha.

Hotunan sun nuna giwaye da ɓauna da gwanki da mugun dawa, da kura ɗaya a cikin dare, amma babu zaki. Wannan bai isa hujjar cewa ba ya nan ba, domin faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244, kyamara kuwa abin da ya wuce gabanta kawai take gani.

Wajen hantsi wani dattijo cikin masu gadin ya tsayar da mu a bakin wata laka, ya ce, "Malam, zo ka gani." Sawu ne babba, babu alamar farce, saɓanin na kura wanda farata ke fitowa a jikinsa. Muka auna shi, muka ɗauki hoto, muka rubuta inda yake. Can gaba muka tarar da kashi mai gashi a ciki, muka ɗebi kaɗan a kwalba domin gwajin ƙwayoyin halitta, wanda zai tabbatar ko na zaki ne, kuma ko namiji ne ko mace.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin zakuna. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a wurare huɗu kaɗai suka rage: Niokolo-Koba a Sanigal, da yankin W-Arly-Pendjari da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari. Mafarauta suna rage wa zaki abinci, ya faɗa wa shanu, mai shanu kuma ya zuba guba a mushe. Ina jin zafin makiyayin da ya rasa saniya, amma guba ɗaya tana iya gamawa da garken zakuna guda, har da ungulu.

Gobe in Allah ya kai mu za mu mayar da kyamara biyu kusa da lakar nan.