Shirya yarinya ƙarama don rawar bale ta ƙarshen shekara

A Amurka da Ingila, da Disamba ya kama, makarantun rawar bale (rawar Turawa da ake ba da labari da ita a kan dandamali, da kiɗa ba magana) sukan shirya wasan Nutcracker, wanda aka fara nunawa a Saint Petersburg ta Rasha a 1892 da kiɗan Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha. Ƙananan yara su ne ɓeraye da mala'iku da 'yan biki. Idan 'yarki mai shekara biyar ko shida ta samu shiga, ki sani ba mantuwar taku ce ke ɓata wa yaro wasa ba. Takalmi ne, da gashi, da yunwa, da tsoro.

Takalmin bale na fata ne ko kambas, kuma dole ya kama ƙafa cif. Kada ki sayi mai girma wai don ta girma a ciki, zai zame ne ta faɗi. Ta fara sa shi sati biyu kafin ranar don ya yi laushi. Wajen ɗinka robar da ke riƙe shi, ki lanƙwasa diddigen zuwa gaba. Inda karin ya tsaya a gefe biyu, nan za ki ɗinka. Igiyar gaba a ɗaure, a cusa ta ciki. Takalmin tsayuwa a kan yatsu kuwa ba na wannan shekarun ba ne, sai wajen sha ɗaya ko sha biyu, da izinin malama, don ƙashin ƙafa bai ƙosa ba.

Gashi ana dunƙule shi ne wuri ɗaya. Ga gashinmu, shuku ya fi sauƙi: a yi shi kwana uku kafin wasa don zafin kitso ya lafa, a naɗe jelar, a rufe da ragar gashi, a kafe da fil. Banda duwatsu, suna yin ƙara, kuma suna dukan fuska idan ta juya. Ki tambayi malama tsayin da take so, saboda hular ɓera ba ta zama a kan babban tudu. Lalle da 'yan kunne ma sai an tambaya.

Doguwar safa ki tanadi biyu, ki rubuta sunanta a komai. Ta shiga bayi kafin a sa mata kaya, cire su da gaggawa wahala ne. Ta ci abinci awa biyu kafin a fara. Bayan an sa kaya, ruwa kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoro. A kan dandamali fitila na haske ido, wurin 'yan kallo kuma duhu ne, ba za ta gan ki ba. Ki gaya mata haka tun a gida. Kada ta rasa gwajin ƙarshe da ake yi da cikakkun kaya, a nan za ta ga Sarkin Ɓeraye, mugun cikin wasan mai shigar ban tsoro, ta gane mutum ne a ciki. A gida ki riƙa sa mata kiɗan ɓangarenta har kunnenta ya saba, amma gyaran taku ki bar wa malama.