Daga Berlin zuwa Bad Godesberg: bin sawun jam'iyyar SPD a jirgin ƙasa

A Berlin na fara, a hedikwatar SPD, jam'iyyar Social Democrat ta Jamus, da ke unguwar Kreuzberg, wadda ake kira Gidan Willy Brandt, da sunan tsohon shugaban jam'iyyar kuma tsohon shugaban gwamnati. A 1996 aka buɗe ginin, kuma da ka shiga zaure za ka yi kiciɓis da mutum-mutumin Brandt na tagulla, tsawonsa ya haura mita 3. Ka riƙe fasfonka a hannu saboda masu tsaron ƙofa. Watan Yuni ne na 2025, wata huɗu ke nan da zaɓen 23 ga Fabrairu, wanda SPD ta tashi da kashi 16.4 cikin ɗari da kujeru 120 daga cikin 630. Tun kafuwar Tarayyar Jamus a 1949 ba ta taɓa yin ƙasa haka ba. CDU/CSU mai ra'ayin mazan jiya ce ta zo ta ɗaya, AfD mai ƙyamar baƙi ta biyu da kashi 20.8, ita kuwa uwar jam'iyyun ƙasar ta koma ta uku.

Maganar tikiti tukuna, don nan baƙo ke yawan asara. Akwai tikitin wata mai suna Deutschlandticket, Yuro 58 a lokacin, wanda ke ɗaukar mutum a jiragen yanki da bas da taragon cikin gari a duk faɗin ƙasar. Amma ba ya aiki a jirgi mai gudu na ICE, wanda ya hau da shi sai ya biya tara. Sannan rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke ta ba kafin 10 ga wata, za a cire maka kuɗin watan gaba. Ni dai na yanki tikitin ICE daban zuwa Leipzig, tafiyar awa ɗaya da kwata, sauran zangon cikin jihar Turingiya kuma na bi jiragen yanki.

A Leipzig ne Ferdinand Lassalle ya kafa ƙungiyar ma'aikata ranar 23 ga Mayu 1863, ranar da SPD ke ɗauka ta haihuwarta. Zauren Pantheon da aka yi taron an daɗe da rushe shi, don haka ban ɓata yini a nan ba.

Daga nan layin dogo ya miƙa yamma: Weimar, Erfurt, Gotha, Eisenach, tsakanin kowane biyu minti 15 zuwa 25. Abin da ya ba ni sha'awa, kana yin gaba tarihi yana yin baya. Shekarun manyan tarukan da aka yi a garuruwan: Weimar 1919, Erfurt 1891, Gotha 1875, Eisenach 1869. Mai son bin labarin a jere sai ya wuce Eisenach ya dawo ta baya. A kula kuma, ICE daga Leipzig zuwa Erfurt sabon layi yake bi, ba ya ratsa Weimar.

A gidan wasan kwaikwayo na Weimar majalisar tsara kundin mulki ta zauna, ta zaɓi Friedrich Ebert na SPD, wanda sana'arsa ta asali ɗinkin sirdi ce, shugaban ƙasa na farko. Gidan tarihin jamhuriyar yana fuskantar ginin, kuma kamar yawancin gidajen tarihi a Jamus, gara a duba ranakun buɗewa kafin a taso. Jamhuriyar ba ta yi tsawon rai ba. Ranar 23 ga Maris 1933 'yan majalisar SPD 94, Otto Wels na gabansu, su kaɗai suka ƙi amincewa da dokar da ta danƙa wa Hitler duk iko. Cikin watan Yuni aka haramta jam'iyyar.

Gotha ce ta fi riƙe ni. A ginin Tivoli, wanda ƙafa ke kai mutum daga tasha, magoya bayan Lassalle suka haɗe da na August Bebel da Wilhelm Liebknecht, waɗanda suka kafa tasu jam'iyyar a Eisenach shekara shida kafin nan. Karl Marx daga Landan ya yi wa manufofin haɗakar kaca-kaca, amma haɗakar ta yi aiki. Bismarck, shugaban gwamnati na lokacin, ya haramta jam'iyyar daga 1878 zuwa 1890, sai dai dokar ta bar ƙofa guda: mutum na iya tsayawa takara da sunansa. Ta nan suka bi. A 1890 sun fi kowa ƙuri'a, kashi 19.7, amma kujeru 35 kacal suka samu cikin 397, saboda ba a sake shata mazaɓu ba duk da cikar da birane suka yi da ma'aikatan masana'antu, ga kuma sauran jam'iyyu na haɗa kai a kansu a zagaye na biyu. Sai a 1912 suka zama mafi girma a majalisa, da kashi 34.8 da kujeru 110.

To, wannan yanki da ya haifi jam'iyyar, nan ta fi kwanciya a lokacin da na je. A zaɓen jihar Turingiya na 1 ga Satumba 2024 ta samu kashi 6.1, kujeru 6 cikin 88, AfD kuwa kashi 32.8. A Saksoniya, jihar Leipzig, kashi 7.3. Dokar zaɓen Turingiya ta ce jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 ba ba ta da rabo a kujerun da ake rabawa bisa yawan ƙuri'un jam'iyya, ka ga saura ƙiris ke nan. Tushen abin a 1946 yake, lokacin da aka tilasta mata narkewa cikin jam'iyyar gurguzu a gabashin Jamus, yankin da Tarayyar Sobiyet ta mamaye. Shekara 43 babu reshe, babu ofis. Da aka sake kafa ta a ƙauyen Schwante ranar 7 ga Oktoba 1989, limaman coci ne a sahun gaba, ba shugabannin ƙwadago ba, alhali CDU ta gabas ta gaji gine-gine da mambobi daga tsohon tsari. Ba duk gabas ce haka ba, jihar Brandenburg na hannun SPD tun 1990. Amma a ganina raunin da 1946 ta yi mata a Turingiya bai warke ba.

Daga Eisenach zuwa Bonn sai an canja jirgi a Frankfurt, kuma rabin yini ya tafi. Masu sauraron sashen Hausa na DW sun san sunan Bonn. Daga babbar tasha layi na 16 ko na 63 yana kai mutum har ƙofar zauren taro na Bad Godesberg, can ne ƙarshen layi. A wannan zaure, cikin Nuwamba 1959, wakilai 324 suka amince, 16 suka ƙi, jam'iyyar ta ajiye aƙidar Marx, ta karɓi kasuwa da mallakar dukiya, ta ce ita ta kowa ce ba ta ma'aikata kaɗai ba. Kayen 1957 ne ya kai ta ga haka, da shugaban gwamnati Adenauer na CDU ya kwashe kashi 50.2 ya bar mata 31.8. Daga nan ƙuri'a ta dinga hawa: 36.2 a 1961, 39.3 a 1965, 42.7 a 1969 da Brandt ya zama shugaban gwamnati, sai ƙololuwa, 45.8 a 1972. A 1976 mambobinta sun haura miliyan ɗaya.

Gerhard Schröder ya dawo da ita mulki a 1998 da kashi 40.9. Garambawul ɗinsa na Agenda 2010, wanda ya rage tallafin marasa aikin yi daga Janairu 2005, shi ya raba gida: tsohon shugabanta Oskar Lafontaine ya fice, aka kafa jam'iyyar Die Linke mai ra'ayin gurguzu a 2007, a 2009 kuma SPD ta faɗo zuwa kashi 23. Olaf Scholz ya ɗan ɗago ta a 2021 da kashi 25.7, ƙawancensa na jam'iyyu uku ya watse ranar 6 ga Nuwamba 2024 da ya sallami ministan kuɗi Christian Lindner kan rikicin kasafi. Mambobinta yanzu ba su kai 400,000 ba. Duk da haka tana cikin gwamnatin Friedrich Merz na CDU, kuma ma'aikatar kuɗin da ta jawo rushewar tana hannun ɗaya daga cikin shugabanninta biyu, Lars Klingbeil.