Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Ɗakin Zane Zuwa Fili

A makon da ya gabata na tsaya a inda na kammala karatun safiyo, na samu aiki a wani ofishin awon filaye wanda ni kaɗai ce mace a cikin ma'aikatansa masu takardar sana'ar. Tun ranar farko aka nuna mini teburi a ɗakin zane, aka ce aikina shi ne in karɓi lambobin da maza suka auno a fili, in shigar da su kwamfuta, in fitar da taswira. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Shugaban sashenmu dattijo ne mai kirki, kuma a ganinsa gata yake yi mini da ya raba ni da zafin rana da ƙaya da doguwar tafiya.

Sai dai wannan gatan yana da tsada, domin a ƙasashe da dama hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista ba ta ba mutum izinin sa hannu a kan taswira sai ya nuna shaidar aikin fili da ya yi a ƙarƙashin wani mai rajista. Wadda aka ajiye a ofis za ta shekara tana gyara aikin wasu, abokan karatunta maza su yi rajista su wuce ta, daga baya kuma a ce mata ba su cika ci gaba a wannan sana'a ba.

Wata rana na same shi bayan an tashi, na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a sa sunana cikin masu fita fili." Ya dube ni ya ce, "'Yata, daji ba wurin wasa ba ne, kuma idan wani abu ya same ki, me zan ce wa iyayenki?" Na ce masa na gode da kulawarsa, amma ina so ya kula da ni kamar yadda yake kula da sauran yaransa, wato ya koya mini aikin duka. Bai ba ni amsa nan take ba. Da jerin sunayen mako na gaba ya fito, na ga sunana a ciki.

Filin da muka je auna kusurwa biyar gare shi. Ni aka ba kafa na'urar auna kusurwa, wanda aiki ne da ake yi wa kallon ƙarami alhali sauran awon duka a kansa ya dogara. Sai ka buɗe ƙafafun nan uku ka taka su su nutse a ƙasa, ka leƙa ta ƙaramin madubin da ke duban ƙasa har ka ga na'urar ta zauna daidai bisa ƙusar da ke tsakiyar turken siminti, sannan ka riƙa murɗa sukurori uku a hankali har kumfar da ke nuna daidaituwar na'urar ta tsaya a tsakiyar da'ira. Da ka gyara ɗaya sai ɗayan ya goce, ka sake komawa. Ƙa'idar lissafi ta ce kusurwoyin ciki na fili mai gefe biyar dole su haɗu su ba da digiri 540, kuma da yamma da muka tara namu, bambancin bai wuce iyakar da aka yarda da ita ba. Ranar na fahimci lambobin da na daɗe ina shigarwa, na san inda kuskure yake ɓuya a cikinsu.

Daga baya na karanta labarin Marie Tharp, Ba'amurkiyar da ta yi aiki a Jami'ar Columbia, wadda aka hana ta shiga jiragen ruwan bincike saboda ita mace ce. Da lambobin zurfin teku da maza suke kawo mata ta gano, a 1952, cewa akwai wani dogon kwari da ya tsaga tsakiyar duwatsun ƙarƙashin Tekun Atlantika, abin da abokin aikinta Bruce Heezen ya yi watsi da shi da farko. Sai a 1968 ta samu shiga jirgin bincike, kuma a 1977 suka fitar da taswirar ƙasan tekunan duniya. Na yi baƙin cikin shekarun da aka tsare ta a bakin teburi.

Fita filin ta nuna mini cewa abubuwan da ke korar mata ƙanana ne a ido, kuma gyara su ba ya gagara. Takalman kariya da rigar aiki duk an saye su a kan awon maza, babu wanda ya yi tunanin makewayi a wurin da za a yini, kuma idan aiki ya kama kwana, ba a tanadi masauki dabam ba. Na rubuta waɗannan a takarda na kai wa shugabanmu, ya kuwa sa aka gyara mafi yawansu kafin wata ɗaliba ta zo mana koyon aiki. Ƙungiyar masu safiyo ta duniya, FIG, wadda aka kafa a Faris a 1878, sai a 2015 mace ta fara shugabancinta, wato Chryssy Potsiou, kuma ina ganin wannan jinkirin daga irin waɗannan ƙananan ofisoshin namu ya samo tushe.

Ɗalibar nan ita ce ta farko da na koya wa kafa na'ura, kuma tare muka fara koyon awo da tauraron ɗan'adam lokacin da ofishin ya sayi na'urar GPS. A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, zan ba da labarin yadda na shirya wa jarrabawar rajista ina ɗauke da cikin ɗana na fari.